Kainuwa a sama, tsirran inuwa a ƙasa: nazarin wani tankin kifin ado a Gwammaja

Tankin da wannan nazari ya shafa na wani tela ne mazaunin unguwar Gwammaja a birnin Kano, wanda ya ajiye shi a ɗakin da yake karɓar baƙi, a kan teburin katako da ke jingine da bangon da hasken taga ba ya kaiwa. Tsawon gilashin santimita 90 ne, faɗinsa 30, zurfinsa 40, wato lita 108 ke nan idan an cika shi har baki, amma da yake tsakuwa da duwatsu sun ci nasu gurbin, kuma akan bar ɗan sarari a sama, ruwan da ke ciki bai fi lita 90 ba. Tankin ba shi da murfi. Fitilarsa doguwar LED ce guda ɗaya mai farin haske, matatarsa kuma soso ce da ƙaramin famfon iska ke tafiyar da ita. Kifayen ƙanana ne, yawancinsu guppy, ba su kai ashirin ba.

A ƙarshen damina ya haɗa tankin, ya kuma sayi tsirrai iri uku daga wani mai kawo su daga Legas: Anubias nana guda biyar, ciyawar da ake kira Java fern guda biyu, da ɗan cincirindon Cryptocoryne wendtii. Mai sayarwar ya gaya masa cewa duka ukun ba sa buƙatar haske, shi kuwa ya riƙe maganar yadda aka faɗe ta. Tun daga nan aka fara kuskure, domin abin da ya dace a ce shi ne suna jure ƙarancin haske, kuma tsakanin jure ƙaranci da rayuwa a cikin duhu akwai tazara mai yawa.

Matsalar farko ma ta yawan haske ce. Yana kunna fitilar tun da hantsi, ba ya kashe ta sai ya dawo daga shago da daddare, in dai akwai wuta. Cikin makonni kaɗan sai gansakuka ta bayyana: ɗige-ɗige kore masu tauri a kan ganyen Anubias waɗanda ko da farce ba sa kankaruwa da sauƙi, da kuma wani koren maiƙo a jikin gilashin gaba. Wani abokinsa ya ba shi shawarar ya sa tsiro mai yawo a saman ruwa domin ya rage hasken, shawarar kuma mai kyau ce. Sai ya sa yaron shagonsa ya ɗebo masa kainuwa guda uku daga wani kududdufi, ya ɗauraye su, ya jefa a tankin a farkon hunturu. Ba a yi wata guda ba gansakukar gilashi ta ja baya, ruwan ya yi garau, kifayen suka daina ɓuya a bayan duwatsu, 'ya'yan guppy kuma suka sami mafaka a cikin saiwoyin da ke reto. Ganin haka ya sa bai taɓa cire ko guda ɗaya ba. Kafin ƙarshen Fabrairu kainuwa ta rufe saman ruwan daga kusurwa zuwa kusurwa.

A watan Afrilu, tsakiyar bazara, ya kira ni. Kifi huɗu sun mutu a dare ɗaya da aka kwana babu wuta, sauran kuma da asuba ya same su sun taru a ɗan ramin da kumfar matata ke buɗewa, suna haɗiyar iska. Tsirran ƙasa sun lalace, kuma ya riga ya yanke hukunci a ransa. Ya ce mini, "Malam, ko dai mai sayarwar nan ya cuce ni, ko kainuwar nan ta kashe mini su da inuwa. Ka zaɓa mini ɗaya: in kwashe ta gaba ɗaya, ko in sayo fitilar da ta fi wannan ƙarfi." Na roƙe shi kada ya yi ko ɗaya sai mun duba.

Abin da aka gani

Na fara da haske, tunda shi ake tuhuma. Na karɓi wani farin faranti na shayi mai zanen fure, na nutsa shi har ƙasan tankin fitila tana kunne. A ƙarƙashin kainuwar da ƙyar ake gane zanen. Da na ture ta gefe da hannu sai furen ya fito sarai har da jijiyoyin ganyensa. Wannan ba awo ba ne na kimiyya, amma ya isa ya nuna cewa abin da ke isa ƙasa ɗan ragowa ne, musamman da yake fitilar tun asali ba mai ƙarfi ba ce, kuma ganyen kainuwa yana da kauri da gashi-gashi, ba ya barin haske ya ratsa shi. Saboda haka zargin maigidan yana da tushe. Sai dai alamomin da ke jikin tsirran ba na inuwa kaɗai ba ne. Tsiron da haske ya yi wa kaɗan yakan miƙa wuya, sandar ganyensa ta yi tsawo, sabon ganye ya fito ƙarami, girma ya tsaya. Cryptocoryne ɗin ya nuna haka. Amma tsofaffin ganyayen Anubias sun koma rawaya tun daga baki, wasu ganyayen Java fern kuma sun yi ƙananan huji kamar an soka musu allura, waɗannan kuwa alamomin yunwa ne: rawayar tsohon ganye ta fi nuna ƙarancin naitirojin, hujin kuma ya fi nuna ƙarancin fotashiyam.

Kainuwar da kanta ce ta tabbatar da wannan. Ganyayenta na waje sun yi fari-fari, 'ya'yan da take fitarwa ƙanana ne ƙwarai, saiwoyinta kuma sun yi tsawo har wasu suna taɓa tsakuwa. Tsiron da ke zaune dab da fitila, ganyensa a cikin iska, ba shi da uzurin rashin haske ko rashin iskar kabon dayoksaid, don haka idan ya koɗe, abinci ne ya ƙare a ruwan. Na gwada naitiret, wato siffar naitirojin da ke taruwa a ruwa daga kashin kifi, da ruwan gwaji na ɗigawa, kwalbar ta tsaya a kalar da katin gwajin ke nuna sifili. A tankin da ake ciyar da kifi kullum, kuma ba a cika canja ruwa ba, sifili yana nufin akwai mai cinyewa tun kafin ya taru.

Dalilin da ya sa kainuwa ke cin kason kowa yana da sauƙin fahimta. Tsiro yana gina jikinsa ne da kabon, kuma iskar da muke shaƙa tana ɗauke da kabon dayoksaid fiye da kashi 400 cikin miliyan, yana isa ga ganye ba tare da wahala ba. A cikin ruwa kuwa wannan iska tana tafiya a hankali, kusan sau 10,000 ƙasa da saurinta a sarari. Tsiron da ke nutse yana jiran kabon ya iso masa, shi kuwa na sama yana ɗiba yadda ya ga dama, ga haske a kansa, saboda haka yana girma da sauri, yana kuma zuƙe amoniya da naitiret da fosfet da fotashiyam daga ruwan gwargwadon saurin girmansa. Wannan ne ya kori gansakuka a watan farko, kuma shi ne dai ya bar Anubias da Java fern da yunwa a wata na huɗu, domin su biyun daga cikin ruwa suke cin abinci, ba daga ƙasa ba. Anubias a yanayi mai kyau ma yakan ɗauki makonni kafin ya fitar da ganye ɗaya. Kainuwa kuwa a cikin wannan lokaci ta miƙa yaɗo ta haifi 'ya'ya, 'ya'yan ma sun haifi nasu. Abin sha'awa shi ne kainuwa da Anubias da Cryptocoryne duk dangi ɗaya ne a ilimin tsirrai, dangin Araceae, wanda gwaza ma take ciki.

Abu na uku ba shi da alaƙa da kainuwa ko kaɗan. Da na zaro Anubias ɗin farko, sai na tarar an binne shi cikin tsakuwa har wuya, kamar yadda ake dasa tumatir. Wannan tsiro yana da kara mai kwanciya, mai kama da saiwar citta, wanda ganye ke fitowa ta samansa, saiwa ta ƙarƙashinsa, kuma idan aka binne karan yakan ruɓe. Biyu daga cikin biyar ɗin sun yi laushi, suna wari, ganyen yana zarewa da an taɓa shi, na uku kuma ya fara ruɓewa ta gefe ɗaya. Asalin tsiron ya bayyana dalili. Anubias barteri, wanda nana wani nau'insa ne, na gaɓar ƙoramun daji ne a kudu maso gabashin Najeriya da Kamaru da tsibirin Bioko, inda yake manne da duwatsu da itatuwa a ƙarƙashin inuwar manyan bishiyoyi, ruwa yana wanke karansa. Sunan barteri ma daga Charles Barter aka samo shi, masanin tsirrai da ya biyo tawagar Baturen Birtaniya William Baikie zuwa kogin Neja, ya rasu a garin Rabba da ke bakin kogin a 1859. Maigidan ya yi mamakin jin cewa tsiron da ya ɗauka na ƙasar waje ne ɗan gida ne. Java fern daga kudu maso gabashin Asiya yake, amma shi ma haka yake rayuwa, shi ma kuma an binne nasa karan. Cryptocoryne wendtii na Sri Lanka ne kaɗai a cikinsu yake son a dasa shi a ƙasa, yana kuma ci ta saiwa, sai dai tsakuwar tankin wankakkiya ce, babu taki a cikinta.

Mutuwar kifin ita ce ta fi sauƙin bayani. Da la'asar ma'aunin zafi ya nuna digiri 31 a cikin ruwan, wanda ba abin mamaki ba ne a Kano a watan da zafin rana ke kusantar 40. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin da yawa: a digiri 20 lita ɗaya tana iya riƙe kusan miligiram 9, a digiri 30 kuwa kusan 7.5, alhali a zafin ne kifi da ƙwayoyin da ke cikin matata suka fi buƙatarsa. Yawancin oksijin na tanki ta saman ruwa yake shiga, kainuwa kuma ta rufe saman, sannan mafi yawan wanda take samarwa da rana sarari yake tafiya tunda ganyenta a waje yake. Da dare duk tsirrai suna shaƙar oksijin, har da wannan dajin saiwoyi. Famfon iska ne kaɗai ke riƙe da tankin, da aka ɗauke wuta kuwa sai ya tsaya.

Abin da aka yi

Mun fara da rage kainuwa, a nan ne kuma muka ɗan ja da maigidan. Ya ce, cikin raha amma da gaske, kainuwa dashen Allah ce, ba ya jin daɗin zubar da abin da ya yi masa aiki. Na ce masa, "Alhaji, a kududdufi tana da fili, akwai iska da awaki da rani masu rage ta. A nan kai ne ranin." Muka kwashe kusan kashi biyu cikin uku, muka zaɓi masu ƙoshi muka bari, muka datse saiwoyin da suka yi tsawo da almakashi. Domin kada ta sake bazuwa, mun yanki siririyar robar iska, muka haɗa bakinta biyu ta zama zobe mai yawo, muka ɗaure shi a gefen hagu, kainuwar tana ciki. Ɓangaren dama, inda kumfar matata ke fitowa, ya zama fili, wanda ya dace da kainuwar ma, domin ba ta son ruwa yana fantsar mata a ganye ko yana juya ta.

Anubias biyun da suka ruɓe an zubar da su. Na uku an yanke ruɓaɓɓen gefen da sabuwar reza har aka kai ga nama mai tauri. Sauran da Java fern an ɗaure su a kan duwatsu da zaren ɗinki baƙi, aikin da maigidan ya karɓa daga hannuna ya yi shi fiye da yadda zan iya, ɗauri biyu a kowane kara, ba matsewa. Saiwoyin sukan kama dutsen da kansu bayan wasu makonni.

Game da taki, tambayarsa ta farko ita ce ko zai iya jefa 'yan ƙwayoyin takin zamani na gona. Na hana shi. Yuriya tana rikiɗewa ta zama amoniya a cikin ruwa, takin NPK na buhu ma yawanci yana ɗauke da naitirojin a siffar amoniya, kuma a lita 90 ɗan kuskuren awo ya isa ya kashe kifi. Ya sayi takin ruwa da aka yi domin tankin kifi, mai haɗe da naitirojin da fotashiyam da sinadarin ƙarfe, ya fara da rabin abin da aka rubuta a jikin kwalbar, sau ɗaya a mako bayan canjin ruwa. An cusa ƙwayoyin taki na saiwa guda biyu a ƙarƙashin Cryptocoryne. Burinmu shi ne gwajin naitiret ya riƙa nuna wani abu tsakanin miligiram 5 zuwa 20 a lita, ba sifili ba. Canjin ruwa ya zama rubu'in tanki kowane mako, da ruwan da aka sa wa maganin kashe kulorin idan na famfo ne, kuma aka bar shi a ɗakin ya kwana domin zafinsa ya daidaita da na tankin.

Fitilar ba a canja ta ba. An dai mayar da ita kan ƙaramar solar gidan, aka ƙayyade mata awa takwas, daga azahar zuwa bayan isha'i, lokacin da mutanen gida ke zaune suna kallo. An samo ƙaramin famfon iska mai aiki da fawa-banki domin daren da babu wuta. Da rana kuma akan juya fanka ta riƙa kaɗa saman ruwan, abin da ke sauke zafin da digiri ɗaya ko biyu, ko da yake ruwan yana saurin ƙafewa, sai an riƙa ƙarawa.

Akwai abin da ya riga ya wuce amma na ga ya kamata in faɗa masa, wato hatsarin ɗebo tsiro daga kududdufi a jefa kai tsaye. Saiwar kainuwa mazauni ce ta matsattsaku da ƙwan dodon koɗi, wasu dodannin koɗin ruwan kwance kuma su ne ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. Akwai ma sauro na jinsin Mansonia wanda tsutsarsa ke huda saiwar kainuwa tana shaƙar iska ta ciki. Ya yi sa'a bai shigo da komai ba sai 'yan dodannin koɗi da muka tsince. Da ya ajiye ta a baho daban na mako biyu yana canja ruwa yana dubawa, da ya fi.

Inda na yi kuskure

Rage kashi biyu cikin uku a rana ɗaya ya yi yawa, kuma ban sake tsarin zaman tsirran ba. Anubias biyu sun faɗo daidai ƙarƙashin filin da aka buɗe, ga sabon taki a ruwa, cikin kwana goma ɗige-ɗigen kore suka dawo kan ganyensu. Ganyen da ke daɗewa bai canja ba shi ne gansakuka ta fi samun damar zama a kai. Cryptocoryne kuma, wanda aka sani da narkewa idan yanayin ruwa ya sauya farat ɗaya, ya zubar da kusan duk ganyensa, suka zama kamar dafaffen alayyafo. Maigidan ya kira ni a waya, muryarsa ba daɗi, yana shirin tumɓuke shi. Na roƙe shi ya tsince ruɓaɓɓun ganyen kawai, ya bar saiwar a inda take, domin muddin tana da tauri tsiron yana da rai. Da zan sake, da a cikin mako uku zan rage kainuwar, kaɗan-kaɗan.

Gyaran da muka yi shi ne na wuri. Duwatsun Anubias sun koma hagu, ƙarƙashin zoben kainuwa, inda hasken ke shigowa a karkace. Java fern ya zauna a tsakiya, kan iyakar inuwa da fili. Cryptocoryne, da yake shi ne mafi gajarta kuma mafi nisa da fitila, ya ci gaba da zama a dama ƙarƙashin fili. An kuma faɗaɗa zoben har ya rufe kusan rabin saman ruwan, wanda a wannan tanki, da wannan fitila, shi ne ya zauna daidai. Ba na ɗaukar rabin a matsayin ƙa'ida ga kowane tanki, domin mai fitila mai ƙarfi zai iya barin fiye da haka, mai tanki mai zurfi kuma dole ya bar ƙasa da haka.

Bayan mako shida da fara gyaran, Anubias biyu sun fitar da sabon ganye ɗai-ɗai, kore shar, babu ɗigo. Wanda aka yi wa yanka bai mutu ba, bai kuma motsa ba. Cryptocoryne ya tsiro da ƙananan ganyaye masu ruwan ƙasa-ƙasa, gajeru, a kwance, ba masu miƙa wuya irin na da ba. A bakin tsofaffin ganyen Java fern wasu 'ya'ya sun fito da saiwoyinsu baƙaƙe, maigidan ya ɗauka cuta ce sai da na nuna masa cewa haka tsiron ke haihuwa. Kifi bai sake mutuwa ba, duk da an kwana babu wuta fiye da sau ɗaya.

Abin da bai warware ba shi ne zafi. Tsirran nan uku sun fi jin daɗi tsakanin digiri 22 zuwa 28, tankin kuwa yana haura haka kusan kowace la'asar har zuwa saukar ruwan sama, kuma bakin wasu ganyen Java fern yana ci gaba da yin baƙi. Mun bar wannan sai damina ta kankama mu ga ko zai daina. Gwajin naitiret ma yakan koma kusa da sifili duk makon da aka yi jinkirin rage kainuwa, don haka ragewar ta zama aikin kowace Juma'a da safe: yaron shago yana cika ƙaramin kwano da 'ya'yan da suka tsallake zoben, ya shanya su a kan soro, ba a zuba su a kwata ba, idan sun bushe a tura su gindin bishiyar lemun tsami da ke tsakar gida.